Paul Klipsch: Tsohon sojan da ya cika ɗaki da sauti da wat ɗaya tak

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan lantarki da niyyar sayen kayan sauti na gida ya san tambayar farko da ake yi: wat nawa ne? Mai shago zai nuna maka kwali an rubuta wat 3,000 ko 5,000 da manyan lambobi, kai kuma ka ɗauka yawan lambar shi ne kyan kayan. Sai an kai gida an jona a tarar sautin yana shaƙewa da zarar an ƙara murya, ko kuma bayan 'yan watanni sifika ta ƙone.

Akwai wani injiniya Ba'amurke da ya shafe sama da shekara hamsin yana faɗa da wannan tunani. Sunansa Paul Wilbur Klipsch. Ya rasu a shekarar 2002 yana da shekara 98, amma sifikar da ya ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har yau ana ƙera ta ana sayarwa, kuma har yau tana iya cika babban falo da sauti da wutar da ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba.

Tarihinsa ya ƙunshi jiragen ƙasa, rijiyoyin mai, harsasai, da wata gardama da har yanzu masu sayen kayan sauti ba su gama ba: shin sifika ya kamata a fara dubawa, ko amfilifayar da za ta tura ta?

Yaron da ya yi sifika da kwalin aika wasiƙa

An haifi Paul Klipsch ranar 9 ga Maris, 1904, a garin Elkhart da ke jihar Indiyana. Mahaifinsa malamin injiniyanci ne a Jami'ar Purdue, ya kuma rasu tun Paul yana yaro. Daga nan rayuwa ta mayar da shi kudu maso yammacin Amurka, inda ya yi sakandare a garin El Paso na jihar Teksas.

Yana da shekara 15, a 1919, ya haɗa sifikarsa ta farko. Kayan aikinsa kuwa dogon kwali ne mai kama da bututu, irin wanda ake naɗe takardu a ciki a aika ta gidan waya, da abin sauraro na sawa a kunne. A lokacin ko gidan rediyon kasuwanci na farko a Amurka bai fara aiki ba, sai a shekarar da ta biyo baya.

Ya shiga kwalejin aikin gona da ƙere-ƙere ta jihar Niyu Meziko, wadda yanzu ta zama Jami'ar Jihar Niyu Meziko, ya kammala karatun injiniyan lantarki a 1926. A can yana busa ƙaramin kakakin Turawa a ƙungiyar baduku ta makaranta, yana kuma cikin gwanayen harbi da bindiga. Abubuwan nan biyu, kiɗa da harbi, duk sun sake dawowa cikin rayuwarsa daga baya.

Daga Chile zuwa rijiyoyin mai

Bayan kammala karatu ya yi aiki da kamfanin General Electric. A 1928 ya tafi ƙasar Chile, inda ya shekara uku yana kula da kawunan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki a garin Tocopilla, yankin da ake haƙar ma'adinin da ake yin taki da shi.

A can ne ya shagala da harkar rediyo a lokacin hutunsa. Ya riƙa gwada sifiku iri biyu da ake da su a zamanin: masu faifan takarda da ke kaɗa iska kai tsaye, da masu ƙaho. Ya lura cewa da wuta iri ɗaya, mai ƙaho ta fi ƙara nesa ba kusa ba.

Da ya koma Amurka sai ya shiga Jami'ar Stanford a Kalifoniya, ya sami babban digiri a 1934. A nan wani abokin karatunsa ya ambata masa cewa sifika ta fi daɗin ji idan aka ajiye ta a kusurwar ɗaki. Klipsch ya riƙe wannan magana.

Daga nan ya koma birnin Houston, ya yi aikin binciken mai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin ya shafi aika girgiza ko lantarki cikin ƙasa a auna yadda suke dawowa. Da rana yana wannan, da dare yana zane-zanen ƙaho. A 1941 ya wallafa maƙala a mujallar ƙungiyar masana kimiyyar sauti ta Amurka a kan yadda za a yi ƙaramin ƙaho da zai iya fitar da sauti mai kauri.

Yaƙi ya kai shi Hope

A wannan shekarar ta 1941 aka kira shi aikin soja. An tura shi wani sansanin gwajin makamai da ke kusa da Hope, wani ƙaramin gari a jihar Akansas, wanda ya yi suna wajen noman manya-manyan kankana. Aikinsa shi ne auna yadda harsasai da bama-bamai ke tafiya. Daga baya ya kai muƙamin laftanar kanal.

Ko a sansanin bai daina aikin sifikarsa ba. Abokan aikinsa da suka ji ta suka riƙa ba shi shawarar ya mayar da abin sana'a. A 1945 ya sami takardar mallakar fasahar, a 1946 kuma ya kafa kamfanin Klipsch and Associates a wata rumfar kwano a garin Hope. A shekarar ce aka haifi Bill Clinton a wannan gari, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka.

Shi kaɗai ya fara, yana yanka katako yana haɗawa da hannunsa. Sai a 1948 ya ɗauki ma'aikacinsa na farko, wani kafinta, ya kuma koma ginin da a da yake ofishin wayar tarho na sansanin sojan. Sifikar aka sa mata suna Klipschorn, wato ƙahon Klipsch.

Sirrin ƙaho

Abin da Klipsch ya dogara da shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai busa kakaki leɓɓansa kawai yake kaɗawa a bakin ƙarfen, ƙarar da ba za ta wuce ɗaki ba in da babu kakakin. Dogon bututun da ke buɗewa a hankali shi ke ɗaukar wannan 'yar girgiza ya kai ta ƙarshen unguwa. Haka lasifikar masallaci take, haka kuma mutum ke tafa hannuwa a baki idan zai kira wani daga nesa a gona.

Dalili shi ne iska ba ta da nauyi. Faifan sifika idan yana kaɗawa a fili, iskar tana zamewa ne ta gefe, kamar mai son tura ruwa da yatsa ɗaya. Shi ya sa sifikar gida ta yau da kullum ba ta mayar da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka ba ta zuwa sauti, sauran duk zafi yake zama. Ƙaho yana tare iskar a ƙunci a gaban faifan, ya ba shi abin turawa, sannan ya sake ta sannu a hankali. Da haka ake samun ninki goma ko fiye na sautin daga wuta iri ɗaya.

Matsalar ita ce girma. Siririn sauti ɗan ƙaramin ƙaho ya ishe shi. Sauti mai kauri kuwa, irin na babban ganga, zangonsa dogo ne: wanda ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya haura mita takwas. Ƙahon da zai fitar da shi a miƙe ba zai shiga falon kowa ba. Gidajen silima na wancan zamani ne kawai ke da wurin ajiye irinsa.

Klipsch ya warware wannan ta hanya biyu. Ya naɗe ƙahon a cikin akwatin katako, sauti ya fito daga faifai mai inci 15 ya bi lunguna yana faɗaɗa har ya fito ta baya. Sannan ya tsara akwatin yadda za a manna shi a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe su zama ƙarshen bakin ƙahon. Ɗakin da kansa ya zama ɓangaren sifikar. A saman akwatin kuma akwai ƙananan ƙahonni na matsakaici da siririn sauti.

Lissafin da ya kamata mai saye ya sani

A nan ne maganar amfilifaya ta shigo. Ana auna ƙarar sauti da desibel. A jikin takardar kowace sifikar kirki akwai lambar da ke nuna desibel nawa take bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka tsaya mita ɗaya daga gabanta. Yawancin sifikun gida suna tsakanin 84 zuwa 90. Klipschorn tana bayar da kimanin 104.

Bambancin yana kama da kaɗan a takarda, amma lissafin desibel ba na kai tsaye ba ne. Kafin ka ƙara desibel 3, sai ka ninka wuta sau biyu. Kafin ka ƙara 10, sai ka ninka sau goma. Kafin ka ƙara 20, sai ka ninka sau ɗari. Ke nan ƙarar da Klipschorn za ta yi da wat ɗaya, sifika mai desibel 84 sai ta sha wat 100 kafin ta kamo ta. Idan aka ba Klipschorn wat 10, waccan tana buƙatar wat 1,000, wutar da za ta ƙona ta tun kafin a kai can.

Wannan ya sa Klipsch ya sha nanata cewa abin da masu sauraro ke buƙata shi ne amfilifaya mai wat biyar kacal, amma mai tsabta. A shekarunsa na farko amfilifayoyi duk masu bawul ne, wato ƙwayayen gilashi masu ɗaukar zafi kamar na tsohuwar rediyo, kuma wat 10 zuwa 20 shi ne abin da aka saba samu a gida. Da sifikarsa, wannan ya isa har ya yi yawa.

Hujjarsa ba ta tsaya a ƙara kawai ba. Ya yi imani cewa gwargwadon yadda faifan sifika ke kai da komo da nisa, gwargwadon yadda yake gurɓata sauti. Idan faifai ɗaya yana fitar da sauti mai kauri da siriri a lokaci guda, babban motsin mai kaurin yana jirkita siririn, kamar yadda ƙarar odar mota ke sauyawa idan ta tunkaro ka sannan ta wuce. A cikin ƙaho, faifan kusan ba a ganin motsinsa ko da ɗaki na girgiza. Ya yi gwaje-gwaje a kan haka ya wallafa sakamakon a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti, musamman daga 1969.

Ya tsayar da sharuɗɗa huɗu na sifikar kirki: ta yi ƙara da wuta kaɗan, ta rage gurɓata sauti, ta aika sautin inda ake so, ta kuma daidaita mai kauri da siriri ba tare da fifita wani ba. Ya jera su ne bisa muhimmanci, kuma na farkon biyun ya fi ba su ƙarfi.

Lokacin da kasuwa ta juya masa baya

A 1954 wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ya fito da wata dabara daban. Ya rufe faifai mai laushi a cikin ƙaramin akwati ruf, iskar ciki ta zama kamar sifirin. Kamfaninsa, Acoustic Research, ya fitar da sifikar AR-1, sai AR-3 a 1958. Suna fitar da sauti mai kauri sosai, kuma ana iya ɗora su a kan kanta. Farashin wannan ƙanƙanta shi ne shan wuta mai yawa.

Sai kuma zamanin sitiriyo ya zo a ƙarshen shekarun 1950, inda ake buƙatar sifika biyu a maimakon ɗaya. Samun gida mai kusurwa biyu da suka dace, da matar gida da za ta yarda a ajiye mata akwatuna biyu masu tsayin kafaɗar yaro kowanne ya haura kilo 70, ba ƙaramin abu ba ne. Mutane suka raja'a ga ƙananan akwatuna. A tsakiyar shekarun 1960 Acoustic Research ta mallaki kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar sifika a Amurka.

Tiransisto kuma ya maye gurbin bawul, wat ya yi araha. A 1967 kamfanin Crown ya fitar da DC300 mai wat 150 a kowane ɓangare. Bayan 'yan shekaru Phase Linear 700 ta zo da wat 350. Kamfanoni suka shiga tseren lambobi, wasu suna ƙirga wutar da amfilifaya za ta iya bayarwa na ƙiftawar ido su rubuta a matsayin ƙarfinta. Abin ya yi muni har a 1974 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa doka cewa dole a rubuta ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a kai a kai, tare da adadin gurɓatar sautin da take yi a wannan ƙarfi. Lambobin nan na dubbai da ake gani a kwalaye da haruffan PMPO jikokin waccan dabara ce.

Klipsch bai sauya ra'ayi ba. Ya ci gaba da zama a Hope yana rubuta wa dilolinsa wata takarda da ya sa wa suna Dope from Hope, yana bayyana musu lissafi, yana ƙaryata tallace-tallacen da yake ganin yaudara ce.

Masu sukarsa ma suna da nasu hujjojin. Sun ce ƙaho yana sa wa sauti wani launi nasa, murya ta riƙa fita kamar ta mai magana ta cikin mazurari. Sun ce tun da sauti mai kauri yana bin doguwar hanya a cikin akwati, yana isowa kunne a makare kaɗan bayan siririn. Sun kuma ce sifikar ita ke zaɓar ɗaki, mai gida ba shi da ta cewa. Duk waɗannan akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu, kuma har yau ana muhawara a kai.

Sifika mai tona asirin amfilifaya

Akwai wani abu da masu Klipschorn suka gano a zamanin tiransisto na farko: wasu sababbin amfilifayoyi masu wat da yawa sun fi tsofaffin masu bawul munin sauti a kan sifikarsu.

Dalilin yana cikin yadda aka gina su. A yawancinsu tiransisto biyu ke raba aiki, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. A daidai wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aikin akan sami ɗan tsaiko. Idan amfilifaya tana aiki da wat 50, wannan tsaiko ba ya jiyuwa. A kan sifikar da ke aiki da ƙasa da wat ɗaya kuwa, kusan duk kiɗan yana faruwa ne a daidai wannan wuri mai aibi. Shi ya sa ga sifika irin wannan, ingancin wat ɗin farko ya fi yawan wat ɗin ƙarshe muhimmanci.

Haka abin yake ga na'urar da ke gaban amfilifaya, wadda masu sana'a ke kira firi-am. Aikinta shi ne karɓar ɗan raunannen sigina daga allurar garmaho ko rediyo ko wata na'ura, ta ɗaga shi zuwa kimanin bolt ɗaya, ta ba mai sauraro damar zaɓar abin da zai ji da ƙara ko rage murya, sannan ta miƙa wa babbar amfilifaya. Kowace irin wannan na'ura tana da 'yar ƙara tata, wani huci ko gunji na wutar lantarki. A kan sifika mai shan wuta ba za ka ji shi ba. A kan mai desibel 104 za ka ji shi daga kujerarka cikin dare. Idan kuma firi-am ɗin tana ɗaga sigina fiye da kima, da ka ɗan murɗa maɓallin murya sai ɗaki ya ɗauka, ba ka da sararin daidaitawa.

Wani da ya fahimci wannan sosai shi ne David Mancuso, wanda tun 1970 ya riƙa shirya taron sauraron faya-fayai da rawa a gidansa da ake kira The Loft a birnin Niyu Yok. Ya jera Klipschorn a ɗakin, daga baya ya haɗa su da amfilifayoyin Mark Levinson masu wat 25 kacal amma masu matuƙar tsabta. Sautin wurin ya yi suna har masu gidajen rawa na ƙasashe da dama suka riƙa kwaikwayonsa.

Saɓa wa aƙidar kai

Duk da taurin kansa, Klipsch ya san kasuwa. Ya karanta gwaje-gwajen da cibiyar bincike ta Bell ta yi a 1933, lokacin da aka aika kiɗan wata ƙungiyar makaɗa daga Filadelfiya zuwa Washington ta wayar tarho a kan layi uku, ya gamsu cewa sitiriyo na buƙatar sifika ta uku a tsakiya. A 1957 ya ƙera wata ƙarama domin wannan gurbi. Ba ta zama a kusurwa, kuma ɓangarenta na sauti mai kauri ba ƙaho ba ne. Wani ya yi masa ba'a cewa ya saɓa wa aƙidarsa, shi kuwa sai ya sa wa sifikar suna Heresy, kalmar da ke nufin hakan. Ta zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi samun kasuwa a kamfanin, ta shiga makarantu da majami'u da dama.

A 1959 ya fitar da Cornwall, wadda sunanta ya haɗa kalmomin Ingilishi na kusurwa da bango, domin ana iya ajiye ta a ko wanne. A 1963 ya ƙera La Scala, mai ɗauke da sunan shahararren gidan waƙa na birnin Milan a Italiya, domin yaƙin neman zaɓen Winthrop Rockefeller, wanda ke neman kujerar gwamnan Akansas kuma yana buƙatar abin da zai kai muryarsa ƙarshen taro. A 1971 ya fitar da Belle Klipsch, wadda ya sa wa sunan matarsa ta farko. Ban da Belle, duk waɗannan har yanzu ana ƙera su.

Mutum mai baje a ƙarƙashin kwala

Waɗanda suka yi hulɗa da shi sun san shi da barkwanci da rashin ɓoye abin da ke ransa. Yana da wani ɗan baje mai launin rawaya da yake maƙalawa a bayan kwalar kwat ɗinsa, an rubuta wata kalmar Ingilishi mai kaushi da ke nufin zancen banza. Idan wani mai talla ko injiniya ya fara faɗin abin da lissafi bai tabbatar ba, sai kawai ya ɗaga kwalar ya nuna masa. Bajen ya shahara har kamfanin ya riƙa buga shi yana rabawa.

Yana ɗaura agogo fiye da ɗaya, yana yawo da ɗan littafin rubutu yana rubuta abin da ya gani ko ya auna, kuma son jirgin ƙasa bai bar shi ba har tsufa. Ya mallaki takardun fasaha 23: 12 a kan sauti, takwas a kan binciken ƙarƙashin ƙasa, uku a kan harsasai.

A 1978 ƙungiyar injiniyoyin sauti ta ba shi lambar yabo ta azurfa. A 1997 aka sa sunansa a zauren girmama manyan injiniyoyi da masana kimiyya na Amurka. Tsohuwar jami'arsa ta Niyu Meziko, wadda ya tallafa wa da dukiyarsa, ta sa wa sashenta na injiniyan lantarki da kwamfuta sunansa.

A 1989, yana da shekara 85, ya sayar da kamfanin ga wani ɗan uwansa, Fred Klipsch, wanda ya mayar da hedikwata birnin Indiyanapolis ya faɗaɗa kasuwancin zuwa ƙananan sifiku na gida da na kwamfuta. Paul ya ci gaba da zuwa ɗakin gwaji. Aikinsa na ƙarshe, tare da injiniya Roy Delgado, shi ne wani sabon ƙaho mai suna Jubilee, wanda yake fatan ya gaji Klipschorn. Sai bayan kusan shekara ashirin da rasuwarsa aka fitar da samfurinsa na gida. A 2011 kamfanin Audiovox ya sayi Klipsch.

Abin da ya rage wa mai saye

Ba kowa zai iya sayen Klipschorn ba, domin kuɗinta dubban daloli ne. Amma lissafin da mai ita ya koyar yana aiki a kan kowace sifika, komai arharta.

A fara zaɓar sifika da la'akari da girman ɗaki, sannan a nemo mata amfilifaya. A duba lambar desibel ɗinta: idan ta haura 95, 'yan wat kaɗan masu tsabta sun wadatar, sai a mai da hankali kan na'urar da ba ta huci. Idan tana wajen 85, tana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi na gaske. Ga mai amfani da sola ko inbata, wannan bambanci yana iya shafar daɗewar batir.

A duba om, wato ma'aunin yadda sifika ke tirje wa wuta. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai om 8, kuma idan aka jona sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya sun koma om 4. Amfilifayar da ba a gina ta don haka ba za ta yi zafi, ta kashe kanta ko ta ƙone.

A kuma sani cewa ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona sifika. Idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, tana datse kan sigina ta aika wuta mai kaifi da ke cinye ƙaramin faifan siririn sauti. Da an ji sauti ya fara tsagewa, a rage murya. Lambar wat da za a yarda da ita kuwa ita ce wadda aka rubuta RMS ko ƙarfi na dindindin a gefenta.

Paul Klipsch ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2002, a Hope, garin da aikin soja ya kai shi shekara 61 kafin nan. Tsohon ofishin wayar tarho inda ya fara da kafinta ɗaya yanzu gidan tarihi ne da ke ɗauke da kayan aikinsa da sifikunsa na farko. A tsallaken titi kuma masana'antar tana nan, inda kafintoci ke ci gaba da yanka katako suna naɗe ƙaho a cikin akwati bisa tsarin da ya zana fiye da shekara 75 da suka wuce.